Yaya Isuhu Mai Wankin Taurari

Duk wanda ya taɓa yin sallama a zauren gidanmu na Kankia tsakanin hantsi da azahar ya san abin da zai tarar: tulin baƙin ƙyalle bisa tabarma, ƙafafu biyu sun leƙo ta ƙasa, ɗaya da safa ɗaya babu. Ka ce "Salamu alaikum," tulin ya amsa maka, "Wa alaikumus salam, kada ka ɗaga mani zane!" To wannan tulin shi ne yayana Isuhu Mai Hoto, Allah ya jiƙan shi. Rana tsaka, zafi kamar ya dafa ƙwai, shi kuwa yana ƙudundune shi da kwamfutar shi, wai yana wankin taurari.

Ni ce Dije, ƙanwar shi, uwa ɗaya uba ɗaya. Kun san ban yi boko ba. Ina faɗi ne ɗiyata Binta tana rubutawa, kuma na gaya mata in ta gyara mani magana ko guda zan ji a bakin mutane. Tun da aka yi sadakar arba'in kuke damuna da waya, Gwaggo ki ba mu labarin shi, ke kika zauna da shi. To ga shi nan. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Baƙin ƙyallen nan ya girmi da yawanku. Tun zamanin da Yaya ke ɗaukar hoto bakin kasuwar Kankia da akwatin nan mai ƙafa uku, cikin shi yake cusa kai. Daga baya ya buɗe shago, ya ɗauki auren rabin garin nan. Sai wayar hannu ta zo ta kashe kasuwa, kowane ƙato ya zama mai hoto. Matar shi ta rasu, ni ma mai gidana ya rasu, na tattara na dawo gidan shi don kada ya mutu da yunwa, domin mutumin nan ko ruwan zafi bai iya dafawa ba.

Ɗan shi Lawal, wanda ke aiki Kaduna, shi ya kawo mashi sabuwar kyamara da kwamfuta, ya koya mashi yadda ake gyaran hoto a ciki, wai ya riƙa gyara hotunan biki yana samun na goro. Bai daɗe yana yi ba ya watsar.

"Na gaji," in ji shi. "Yarinya baƙa kyakkyawa, Allah ya gama mata komai, ta zo ta ce in mai da ita Balarabiya. In mijin ya kasa gane ta da safe, ni za a kai ƙara?"

Daga ranar ya ɗaga bakin kyamara sama, bai sake sauke shi ba. Da dare ya ɗauki taurari, da rana ya shige ƙyalle ya yi ta gyara. Bai taɓa ce mashi gyara ba, wanki yake cewa, kamar yadda suke faɗi a da can da suke wanke hoto cikin ruwan magani. Kuma yana da doka guda da kowa a gidan nan ya haddace, har akuya:

"Abin da ɗan Adam ya sa, in cire. Abin da Allah ya sa, ba ni taɓawa."

Fitilar mota, layin da jirgin sama ke ja, jar wutar ƙarfen sabis, duk sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge. Amma tauraro, ko da ya kai ƙanƙantar ƙwayar gero, bai ƙara ba, bai rage ba, bai matsar ba.

Abin da da yawanku ba ku sani ba, duk wannan wahala hoto guda yake nema. Innarmu, uwar mai hoto guda, ta koma ga Allah ba ta da hoto ko ɗaya. Ya roƙe ta, ya yi mata wayo, ya laɓe bayan rumbu, ta jefe shi da ludayi. Shi ne ya ce, "Tun da ban samu fuskar Inna ba, zan ɗauki abin da take kallo." Yana nufin saman gidanmu na Bauranya, can ƙasar Kusada inda aka haife mu, da tsamiyar tsakar gida, da Kaza da ɗiyanta bisa kanta, yadda Inna ke nuna mana muna yara. Kowace kaka sai in ce, "To mu je mana." Sai ya ce hannun shi bai nuna ba tukuna, ba zai kai wa Inna ɗanyen aiki ba. Shekaru na tafiya, ido na raguwa, shi yana ɓoye mana.

Ni ma kuma halin Inna na ɗauko. Ban taɓa tsaya mashi ba. Ranar da ya ji na tsaya wa wani yaro ya ɗauke ni don katin zaɓe, bai ci tuwona ba.

"Bare ya ɗauke ki, ni yayanki kin hana ni?"

"Wannan hukuma ce. Kai wace hukuma ce?"

"Sai na ɗauke ki kafin in mutu, Dogariya."

"Sai dai ka ɗauki ƙeyata."

Dogariya yake ce mani, wai ko ƙuda ya shigo gidan sai na tambaye shi ɗan gidan wa ne. Ai dole. Gidan da babban shi ke cikin ƙyalle, wa zai sa ido in ba ni ba?

Bari in fara maku da Alhaji Garba mai gyaɗa na Kunduru. Ya gina bene, ya ji labarin akwai tsoho a Kankia mai ɗaukar wata, ya zo da buhun gyaɗa guda bayan mota. Ina daga cikin gida ina jin su, don ƙofar zaure ba ta rufe mani kunne.

"Malam Isuhu, so nike ka ɗauki gidana, ka ɗora mani jinjirin wata daidai bisa rufin, ƙato kamar faifai. Ka sa Zara a cikin shi, irin na kan masallaci."

Tulin ƙyalle ya motsa. Can ya ce, "Alhaji, in na tsaya gaban gidan naka, ina nike kallo?"

"Arewa."

"Ka taɓa ganin jinjirin wata ya tsaya arewa?"

"Ai shi ya sa na zo wurin ka. An ce kwamfuta na yi."

"Kwamfuta na yi, Isuhu ba ya yi. Kuma wata ba gammo ba ne da za a leƙa ta tsakiyar shi a hango tauraro."

Alhaji ya fara hasala. Ya ce yaran Kano kafin ka sha ruwa sun yi mashi.

"Je ka su yi maka. Ranar da aka tambaye ka wa ya ba ka izinin matsar da wata, sai ka kira su su tsaya maka."

"To yanzu mi ne abin yi?"

Sai Yaya ya fiddo kai daga ƙyalle, gumi na zuba, ya dube shi da gaskiyar shi. "Abu mai sauƙi, Alhaji. Ka juya gidan ya kalli gabas. Ni kuma in zo ranar ɗaya ga wata in ɗaukar maka kyauta."

Ina ji ina gani aka mai da buhun gyaɗa mota. Na fito na ce, "Yaya, man girkin shekara ka kora saboda wata, wanda bai taɓa kawo mana ko cefane ba?"

Ya ce, "Shi kuma tun da kike, ya taɓa kawo maki takardar kuɗin wuta?"

Kai! Mutumin nan.

Maƙo kuwa, ba a magana. Ƙafafun kyamarar shi suka karye, Lawal ya ce zai sayo sabbi, ya hana. Wai turmina ya fi, ba ya rawa. Sai ya ɗora ɗan buhun gero bisa bakin turmin, ya yi wa kyamara gurbi kamar kaza za ta yi kwanci. In tashi da safe zan yi surfe, in tarar da turmi tsakiyar gida, an zagaye shi da toka.

"Kada ki taɓa! Yau da dare daidai nan nike son shi."

"To da mi zan yi daka?"

"Ki ara gidan maƙwabta."

Ni da turmina, gadon Inna, na koma 'yar aro. Matan unguwa har tambayata suke, "Dije, yau turmin na aikin dare ne ko yana hutu?"

Sai maganar duhu. Wata rana na kai mashi fura, na ɗaga gefen ƙyalle, na ga yana ta kallon gilashin kwamfuta yana murmushi, alhali babu komai a ciki. Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya wuce wannan, ya buɗe wani, shi ma baƙi. Wani kuma, baƙi.

"Yaya, ta lalace ne?"

"Lafiyarta lau. Hoton duhu ne."

"Hoton mi?"

"Duhu. Rufe bakin kyamarar nike da murfi in ɗauka."

Na ajiye kwano na ce innalillahi, abin ya zo. Sai ya yi mani bayani, kuma don Allah ku ji, akwai hankali a ciki. Ya ce ita kyamara tana da nata datti, 'yan ɗige-ɗige da take zubawa cikin hoto suna kama da taurari. In ya rufe ta ya ɗauka, dattin kaɗai zai fito. Sai ya nuna wa kwamfuta ya ce, ga tsakuwa nan, ki tsince mani ita daga cikin shinkafa. Na ce to, wannan na gane, ko da yake ni ban taɓa ajiye tsakuwa a kwano ina yi mata murmushi ba.

Da Sallah Lawal ya zo gida. Ɗan kirki, ya ga kwamfutar uban shi ta cika tana nishi, ya ce bari ya share mata. Ya ga baƙaƙen hotuna rututu, ya ɗauka lalatattu ne, ya kwashe su kaf ya zubar. Wayyo! Yaya ya fito daga ƙyalle ya zauna bakin zaure ya rafka tagumi. Liman ya zo wucewa ya gan shi haka, ya cire takalmi ya tsuguna.

"Malam Isuhu, wa aka rasa?"

"Duhuna, Liman. Duhuna na shekara da shekaru."

Lawal ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ai duhu bai ƙare a duniya ba. Rufe murfin ka sake ɗauka."

"Ji shi! Ɗan boko! Duhun sanyi da duhun bazara ɗaya ne? In kyamara ta ji zafi dattinta daban, in ta ji sanyi daban. Yanzu ina zan samo duhun sanyi cikin wannan zafi? Kasuwar Kankia ake sai da shi?"

Liman ya ɗaga hannu ya ce Allah ya mai da alheri. Muka shafa. Ni dai na ce, tun ina yarinya nike kunna fitila in kori duhu, ashe yayana tara shi yake kamar hatsi a rumbu.

To yanzu ga wanda ya sa dariya ta maƙale mani.

Wata safiya na ji ana ƙwala mani kira daga zaure. "Dije! Dogariya! Zo ki ga ikon Allah!" Shi da bai taɓa yarda wani ya shiga ƙyallen nan ba, ranar shi ya ɗaga mani da kan shi. Na shiga. Zafi, warin gumi da na turaren ɗan goma, ga gilashi cike da taurari.

"Kin ga wannan?" Ya nuna wani fari tas a gefen dama. "Duba nan." Ya canza hoto. "Yana nan. Duba wannan na damina. Yana nan! Duk taurari na tafiya, shi ba ya motsi. Babu shi a taswirar Turawa, na duba. Sabon tauraro ne, Dije. Zan sa Lawal ya rubuta masu, a sa mashi sunan Inna."

Na matsa na duba. Na sake dubawa. Na lashi bakin gyalena, na miƙa hannu na goga.

Tauraro ya tafi.

Yaya ya shafa wurin da yatsa. Can ya ce, a hankali, "Dije, kin shafe tauraro."

"Na shafe fura."

Furar da Bafulatanar Kafinsoli ke kawo mana ce, ta fantsama ta bushe bisa gilashi. Mako guda yana bautar ɗigon nono! Na yi dariya har na riƙe ciki, shi ma ya taya ni, yana cewa ai ko a hakan Inna ta fi son fura da tauraro. Amma ina cikin dariyar na ga ya miƙa hannu yana lalube, yana neman kwanon da ke daidai gwiwar shi. Na ga yadda ya kai hanci har yana taɓa gilashi kafin ya gane abu. Mutumin da a da ke hango ƙuda bisa hular ango daga bayan akwati. Ranar ban ƙarasa tuwo ba, na sa aka kira mani Lawal.

Muka kai shi asibiti Katsina, yana faɗa tun daga gida har can. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sauran sai a riƙe da maganin ɗigawa, shi ma ba tabbas. Yaya bai tambayi ko zai ga hanya ba, bai tambayi ko zai ga jikokin shi ba. Cewa ya yi, "Likita, zai kai ni kaka?"

Likita ya ce Allah ne masani.

A mota na ce, "Bana za mu Bauranya, ko hannu ya nuna ko bai nuna ba." Karo na farko a rayuwar shi bai yi mani gardama ba.

Da aka gama girbi, ruwa ya ɗauke, sama ta wanke, ya zaɓi kwanakin da wata ba ya fitowa da wuri. Muka hau akori-kura, ni da shi da kyamara da turmi. Eh, da turmi! Tun daga tasha ake mana dariya. Direba ya ce, "Baba, wa ke kai turmi ƙauye? Can babu ne?"

"Akwai. Amma wannan ne ya san kyamarata."

Gidan namu yanzu jikan ƙanen Baba ke ciki. Ɗakin Inna ya zube, amma tsamiya na nan, da tsohuwar rijiya bayanta da aka daina ɗiba. Bayan magariba Yaya ya bi gida gida da sandar shi yana roƙo, in an yi isha'i a taimaka a kashe fitilun sola da tocila na ɗan lokaci. Ba wanda ya ƙi. Kowane gida akwai hoton auren iyayensu da ya ɗauka rataye a bango, yawanci ma bai karɓi komai ba.

Da aka sallame isha'i, gari ya yi ɗif. Jama'a, na manta akwai irin wannan duhun. Na ɗaga kai, sai na ji kamar an cire mani shekaru an ajiye gefe. Ga mu nan bisa tabarmar kaba, Inna na kaɗi, mazari na juyawa, ƙanshin sabon gero na tashi daga rumbu, Yaya na tsokanata da kara yana cewa kunama ce. Inna ta nuna da haɓa ta ce, "Ga Kaza can ta fito da ɗiyanta. Ku ma ku matso kusa da ni." Ga ta kuwa, Kazar, tana hawowa ta bayan tsamiya, ba ta tsufa ba, ba ta rasa ɗa ko guda ba. Mu ne muka watse.

Yaya ya gyara kyamara bisa turmi, ya ce kowane hoto sai ta daɗe ido buɗe tana shan haske, don haka kada wanda ya motsa, kada wanda ya kunna ko ashana. Na koma bakin ɗaki na zauna. Ana nan, ana nan, sai na ji taku, ƙaras ƙaras, ana nufar rijiya. Na miƙe zumbur. Tsoho, ido babu, rijiya babu murfi. Na zaro tocila daga ƙugu na kunna, na ratsa tsakar gida da sauri ta gaban tsamiya.

"Dijeee! Kin kashe ni!"

Muryar ta bayana ta fito. Yana zaune daram gindin turmi, ko motsi bai yi ba. Na haska rijiya, sai ga jakin gidan yana kallona yana tauna kara.

"Gara in kashe hoto da rijiya ta kashe ka!"

"Jaki kika ceto, Dogariya! Jaki! Kin ja mani layin wuta tun daga ɗaki har tsamiya. Wallahi sai na goge ki tas, ko ƙyallinki ba zan bari ba."

"Goge mana! Wa ya ce ka ɗauke ni?"

Har gobe in na ji irin wannan takun zan kunna, ba ruwana. Shi dai ya ci gaba da ɗauka, hoto bayan hoto, har Kaza ta hau sama sosai.

Ɗauka ashe ita ce mai sauƙi. Da muka dawo Kankia aka shiga wanki, nan ido ya ce bai san zance ba. Kwana biyu yana fama shi kaɗai, rana ta uku ya kira ni, ba Dogariya ba, da sunana.

"Dije, ki ara mani ido."

Haka na koma 'yar ƙyalle da tsufana. Masu sallama suka fara tarar da tuli mai ƙafa huɗu, yana amsawa da murya biyu, yawanci ma faɗa yake da kan shi. Ya nuna mani yadda ake ɗora hotunan bisa juna, wannan kan wannan. Ya ce kamar rini ne, tsomawa ɗaya ba ta kama zane, sai an yi ta maimaitawa. Kwamfuta ta yi ta nishi, can sai ga sama ta fito, amma dishi-dishi kamar an zuba mata toka. Sai ya kama ɗan linzamin kwamfutar yana ja a hankali, ni ina faɗa mashi.

"Ƙara haske. Ƙara. Tsaya! Ya yi yawa, ka mai da ita kamar atamfar 'yan biki."

"To nan fa?"

"Yanzu kuma ka cika mata shuɗi. Saman Inna ba shuɗi ba ne."

"Da ɗan shuɗi-shuɗi."

"Ni zan gaya maka ko kai za ka gaya mani? Idon wa aka ara?"

Ya rage. Na nuna mashi layin jirgi, ya goge. Na nuna mashi jar wutar ƙarfen sabis na Kusada da ta leƙo can ƙasa, ya goge. Fitilar wani mai babur da bai ji roƙo ba, ya goge yana tsine wa babur. In na ga ɗigo sai ya ce, "Tauraro ne ko datti?" In ce bari in fara shafawa da gyale tukuna. Sai ya ce Allah ya isa tsakanin shi da fura.

Rigimar da ta fi girma a kan Kaza muka yi ta. Da ya jawo ta kusa ya ƙara haske, sai ga tsaki rututu sun fito kewaye da ita, ba su ƙirguwa.

"Yaya, ka karya dokarka. Inna ta bar mana kaza da 'yan ɗiyanta da ba su cika hannu biyu ba, kai ka cika mata gida. Ina ka samo waɗannan?"

"Ban ƙara ko ɗaya ba. Tun zamanin Inna suna nan, idonmu ne bai kai ba." Sannan ya ce, "Kamar jikokinta ne. Ita ba ta gan su ba, amma ai nata ne."

Na ce zafi ya dame ni, na fita.

Duk wannan aiki saman hoton muke yi. In na ce ya sauko mu ga ƙasa, sai ya ce, "Ƙasa ba ta buƙatar idonki. Tsamiya ce da katanga, na gama da su tun ido na da sauran ƙarfi." Ni kuma da ba na son ganin ɗakin Inna a zube, ban matsa ba.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Wata rana da hantsi ya saki linzami ya ce, "Dije, duba da kyau, kada ki yi mani kara. Ni yanzu hazo-hazo nike gani. Saman Inna ne?"

Na daɗe ina kallo. Kun san ni, in da aibi sai na faɗa ko za a mutu. Na nema, na rasa.

Na ce, "Shi ne."

Ya ce alhamdulillahi. Ya rufe kwamfuta, ya yaye ƙyallen daga kanmu, ya ninke shi da kyau, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya ɗora mani a cinya. "Ki wanke shi, ya yi wari. Turminki ma na sallame shi." Bai ga ruwan farko na bana ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya tafi cikin sauƙi, bakin shi da salati.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, Lawal ya shigo ɗakina da wani abu babba naɗe cikin takarda. Ya ce Baba ne ya sa shi ya kai Katsina a wanke, a sa a gilashi, ya kuma ce kada a ba ni sai bayan shi. Na buɗe. Ga saman Bauranya, ga Kaza da ɗiyanta da jikokinta, baƙin daidai yadda na ce. Na sauke ido ƙasa. Ga tsamiya. Ga katanga. Sai ga wani layin haske, siriri, ya taso daga bakin ɗaki ya ratsa tsakar gida har gindin tsamiya. A ƙarshen shi ga inuwar mace, dishi-dishi, gyale ya zame mata, ta miƙa hannu gaba. Can gefe ga kunnuwan jaki.

Na ce, "Lawal, uban naka ya manta bai goge ba."

Ya ce, "Gwaggo, bai manta ba. Hotunan da babu ke a ciki sun fi a ƙirga, shi da kan shi ya zaɓi wannan ya sa a ƙasa. Na ce mashi, Baba, ai tocila ɗan Adam ne ya sa. Ya ce in kin tambaya in gaya maki, duk abin da ɗan Adam ya sa ya cire. Wannan mai tocilar kuwa Allah ne ya sa mashi ita, ba ya taɓawa."

Tsohon banza. Ya dai ɗauke ni. Kuma ƙeyar tawa ce ya ɗauka, kamar yadda na ce.

Yana nan rataye a ɗakina, inda nike fara gani in na sallame asuba. Wanda ke son gani ya zo, amma ya wanke hannu, kuma kada a shigo mani da fura.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu nan ya zo. Bai taɓa matsar maka da tauraro ko guda ba. Ka cire mashi abin da ɗan Adam ya sa, ka bar mashi rahamarka. Ka haskaka kabarin shi, ka mai da mashi idon shi, ka haɗa shi da Inna ya ga fuskarta ya ƙoshi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.